Filin Gareji: Kafin Ka Tuɓe wa Motarka Fenti

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata kusan duk kukansu ɗaya. Fentin mota ya mutu, mai fenti ya yanka kuɗin da ya fi ƙarfin aljihu, sai mai motar ya ga ai kankarewar zai iya yi da kansa a ƙofar gida, in ya so ya kai wa mai feshi ya ƙarasa. Mun zaɓi bakwai, muka taƙaita su saboda wuri, muka miƙa wa masu gyaran bodi da masu fentin da ke amsa tambayoyin wannan fili a nan Jos.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji Peugeot 504 daga mahaifinmu. Injinta lafiya lau, amma fentin ya tsattsage kamar bakin tafki da rani, wani wurin har yana ɓamɓarowa. A sanina an fesa ta sau uku. Ina so in kankare ta tas har sai ƙarfe ya fito. Ta ina zan fara?
Mai karatu daga Anguwar Rogo

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan Baba, ya sa ya huta. Malam, kafin ka taɓa komai ka fara sanin abin da ke jikin motar. Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani, duk hawansa in an haɗa, da kaɗan ya wuce kaurin fallen takarda. Wadda aka fesa sau uku, kowane mai fenti yana ɗora nasa a kan na wancan, ga fila, wato ƙullun cike lotsawar bodi, a tsakani, kaurin nata zai ninka haka sau huɗu ko biyar. Ƙarfe yana buɗewa da zafin rana ya tsuke da sanyin dare, kuma ka san yadda garin nan yake, tazarar rana da dare ba kaɗan ba ce. Fenti mai kauri ba ya iya bin wannan motsi, sai ya tsage. Duk abin da aka fesa a kan tsagaggen fenti kuwa, tsagar za ta biyo shi sama cikin 'yan watanni.

Gwaji uku za ka yi, ba za su ci maka rabin awa ba. Ka sami samfefa mai lamba 80 ka gurza wuri kamar faɗin tafin hannu, a karkace, har ƙarfe ya leƙo a tsakiya. Za ka ga zobe-zobe kamar an yanka albasa. Kowane zobe hawa ɗaya ne, ka ƙirga su, ka kuma duba har ina tsagar ta kai. Daga nan ka jiƙa farin tsumma da tina, ruwan tsinka fenti, ka danna a kan zobban na minti ɗaya. Hawan da ya yi laushi, ko launinsa ya biyo tsumman, tsohon fenti ne marar hadina, wato sinadarin da ke ƙanƙarar da fenti, kuma sabon fenti zai tayar da shi ya yamutse. Na uku, ka naɗe maganaɗisu a siririn ƙyalle ka bi gindin ƙofofi, bakin fenda da kewayen tayoyin baya. Inda ya ƙi kamawa fila ce aka laɓta, ka zagaye wurin da alli. A ƙarƙashinta za ka tarar da inda aka taɓa buga motar, ko inda tsatsa ta huda.

Da abin da ka bayyana, taka dole a kai ta ga ƙarfe. Amma ga sharaɗin da ya fi duk sauran bayanin nan nauyi: kada ka tuɓe abin da ba za ka iya rufewa da firaima, wato shafin farko da ake yi wa ƙarfe kafin fenti, kafin magariba ba. Bonet yau, ƙofa ɗaya gobe, rufi jibi. Saboda haka firaima da yadda za a fesa ta su ne farkon abin da za ka tanada, tun kafin samfefa. In ba ka da kwamfuresa, ka yi magana da mai feshi ka riƙa kai masa ɓangaren da ka gama a ranar. In hakan ma bai samu ba, firaimar efoksi tana shafuwa da ƙaramar rola, sai dai za ka sha gurza daga baya kafin ta kwanta.

Ka wanke motar da omo da ruwa sosai tukuna, don maiƙo da man goge mota suna toshe samfefa, suna kuma bin ta su shiga cikin ƙarfe. Ka kwance fitilu, maɓuɗan ƙofa, bamba, tambari da duk wani farin ƙarfen ado. Ka ɗauki hoton kowanne kafin ka cire, notinansa kuma ka ƙulle a leda ka rubuta na ina ne. Daga 1975 an yi shekaru ana haɗa wannan mota a Kaduna kafin a daina, amma yau 'yan ƙananan kayan adonta ba kullum ake dace da su ba ko a kasuwar kayan mota ta Dilimi, don haka kada ka ɓalle su da sukundireba cikin gaggawa. Bonet da murfin but a sauke su a kwantar kan benci, aiki ya fi sauri a kwance. Mutum ɗaya ya ware kwana bakwai zuwa goma na cikakken yini. Amsoshin da ke biye duk sun shafe ka.

Tambaya: Na sayi maganin cire fenti, wanda ake ce wa rimuba, na shafa a bonet da tsakar rana don in ga zafi ya taimaka masa. Cikin 'yan mintuna ya bushe ƙayau, fentin ɗan yamutsewa kawai ya yi. Jabu aka sayar mini?
Daga Bukuru

Amsa: Da wuya a ce jabu ne, ɗan'uwa. Ranar ce ta shanye maka shi. Ka duba jikin gwangwanin, in ka ga an rubuta dichloromethane ko methylene chloride, to sinadarin da ke ciki a digiri 40 kacal yake tafasa. Bonet ɗin da ya yi awa biyu a rana ya wuce haka nesa, don haka maganin ya tsere sama tun bai ratsa hawa na farko ba.

Ga yadda ake yi. Inuwa mai iska, da safe bayan raɓa ta bushe ko da la'asar, ƙarfen yana da sanyi in ka taɓa. Ka fara kakkarce fentin da samfefa 80, ba gurzawa sosai ba, ka dai fasa masa fuska, domin kiliya, hawan sama marar launi mai ba da sheƙi, tauri gare ta, in ba a fasa ta ba maganin a kanta zai zauna. Sai ka bi duk wata mahaɗa, bakin ƙofa, gefen gilashi da ramin noti ka liƙe da salatef na takarda ninki biyu, ka bar kamar yatsa biyu daga kowane baki. Mutane suna raina wannan mataki, alhali shi ne ke raba aiki mai ƙarko da na banza. Maganin da ya silale cikin mahaɗa ba ya fitowa da wanki. Yana nan kwance sai an gama sabon fenti, rana ta dake shi, ya tsattsafo ya kumbura maka gefen ƙofa. Wannan ɗan bakin da ka bari da samfefa za ka cire shi daga baya.

Ka zuba maganin a kwanon ƙarfe, ka shafa da tsohon buroshi mai gashin dabba, da kauri kamar ana laɓta man shanu a burodi, milimita 2 zuwa 3. Hannunka ya riƙa tafiya gefe ɗaya. Akwai kakin da ke cikin maganin wanda ke tasowa sama ya yi masa murfi don kada ya bushe, in kana kai da komowa da buroshi kana fasa wannan murfin ne. Da ka gama sai ka shimfiɗa leda a kai ka danne iskar. Mai ƙarfin yana buƙatar minti 15 zuwa 30. Akwai wani iri marar wari sosai, wanda za ka ga benzyl alcohol a jikinsa, shi sai ya yi awoyi, wani lokacin a bar shi ya kwana ƙarƙashin leda. In fentin ya tattare ya tashi kamar fatar ganda, ka ɗaga ledar kaɗan-kaɗan kana turawa da makankarin roba ko faffaɗar wuƙar fila wadda aka dakushe kusurwoyinta. Dattin ya zuba kan kwali, kada ya taɓa ƙasa. Mota mai hawa da yawa za ta nemi shafi biyu ko uku, kuma ƙaramar mota gaba ɗaya ka ƙiyasta mata galan ɗaya zuwa biyu na lita 4.

Duk filar da maganin ya taɓa ta lalace ko da ka ga kamar da ƙwarinta, domin tana shan sa kamar soso. A cire ta har ƙarfe. Bayan haka ka goge ragowar da abin da gwangwanin ya ce, wani ruwa ne wani tina, ka busar nan take, ka bi da samfefa 80 sannan 180.

Sai maganar da ba ma so ka tsallake. Ba don wasa Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'a irin wannan mai ƙarfin ba, Amurka ma ta bi sahu a 2019. In an shaƙe shi, jiki yana mayar da wani kaso nasa irin gubar da ke cikin hayaƙin janareto, wadda kowa ya san yadda take kashe mutane a ɗaki. Tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka garejin da aka rufe ko ramin duba ƙarƙashin mota tarko ne. Takunkumin ƙura ba ya tare shi, siririyar safar hannu ta asibiti kuwa cikin mintuna yake ratsa ta. Ka nemi safar roba mai kauri, ka sa tabarau mai rufe gefe, bokitin ruwa yana kusa. Ya taɓa fata, a wanke da ruwa da sabulu nan take. Ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa minti 15 a wuce asibiti. Kada a yi walda ko a hura gawayi kusa da shi, wuta tana mayar da tururin guba mafi muni. Mai ciwon zuciya ko asma ya bar wa wani aikin.

Tambaya: Wani fanal bita ya ce zai ƙone mini fentin da wutar walda ta kabaid, yini ɗaya ya gama. Ni kuma ina tunanin in sayi giranda in yi da kaina. Wanne ya fi?
Direban haya, Farin Gada

Amsa: Direba, in tsakanin waɗannan biyu ne, to gudun gara za ka yi ka faɗa gidan zago. Kwanon jikin mota bai kai milimita ɗaya ba, yawanci 0.7 zuwa 0.8 ne. Harshen wutar kabaid ya haura digiri 3,000. Inda wutar ta tsaya ƙarfe yana buɗewa, kewayensa da ke da sanyi ya hana shi wurin zuwa, sai ya tashi ko ya lotsa, kuma ba ya komawa yadda yake. Rufi da bonet da tsakiyar ƙofa su suka fi shan wannan wahala. Za ka danna ka ji suna ɓas-ɓas kamar gindin tsohuwar langa. Daga nan sai a rufe ɓarnar da fila, filar da ka biya kuɗi don a raba ka da ita. Ga wayoyi, kwaltar hana ƙara da kilishin rufi da ke bayan kwanon, ga tankin mai. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Giranda kuma, ƙaramar nan mai inci huɗu da rabi tana juyi kusan 11,000 a minti. In ka ɗaura mata dutsen gurza walda ko faifan nan mai ɓawo-ɓawo na samfefa, ƙarfen za ta ci tare da fentin, ta bar maka kwari-kwari da za su fito fili ranar da aka fesa mai sheƙi. In dole sai giranda, ka nemi faifan cire fenti, wanda ya yi kama da soso mai tauri, baƙi ko shunayya. Shi fenti da tsatsa yake ci, ƙarfe kaɗan yake taɓawa. Ka duba adadin juyin da aka rubuta a jikinsa kada ya gaza na injin. Ka riƙe shi a ɗan kwance, kada ka danna, kada ka tsaya wuri ɗaya. Kowane minti ka ɗora bayan hannunka a kwanon, in ba za ka iya barin sa a wurin ba, ka koma wani gefe. Ka ga ƙarfe ya yi shuɗi, an riga an makara. Gilasai a rufe su da kwali, domin tartsatsi yana nutsewa cikin gilashi ya yi tsatsa a ciki, babu mai cire shi.

Abin da muke ba mai aikin gida shawara shi ne injin samfefa mai karkarwa, wanda ake kira DA, mai faifai inci 6. Ya fi jinkiri, amma da wuya ka yi ɓarna da shi. Ka fara da 80, ka tanadi faifai 30 zuwa 50 na mota guda, kuma da ka ji ya daina ci ka canza, faifan da ya toshe zafi kawai yake haifarwa. Ka bar shi kwance fal a kan kwanon, ban da karkata shi a baki. Layukan jikin mota da gefuna a yi su da hannu, don nan ne kwano ya fi saurin cinyewa. Daga 80 ka wuce 120 ko 180. Kada ka tsallaka fiye da lamba ɗari a lokaci guda, in ba haka ba karcen 80 zai ɓuya a ƙarƙashin firaima, bayan wata biyu in ta gama tsukewa ya bayyana. Batun wuta kuma: DA na lantarki wat 300 zuwa 400 yake ja, giranda 700 zuwa 900. Ɗan ƙaramin janareton nan na kunna fitila da fanka ba zai ɗauki giranda ba, ka nemi mai 2.5 kVA.

Tambaya: Na kankare motata gaba ɗaya a watan Agusta, na rufe ta da tamfol. Da na buɗe bayan kwana uku na tarar ta yi ja jawur. Wani ya ce in wanke da ruwan batir, wani ya ce in shafe ta da baƙin mai har damina ta wuce.
Daga Tudun Wada

Amsa: Malam, dukansu biyu kada ka bi. Ruwan batir zai cinye tsatsar a idonka, amma yana barin gishirin da ke jawo laima, ya kuma shige mahaɗai ya ci gaba da cin ƙarfe daga ciki. Baƙin mai zai tare tsatsa, gaskiya ne, sai dai yana shiga kowane karce, kuma ɗigo ɗaya da ya rage zai sa fenti ya riƙa gudu yana barin 'yan ramuka, abin da masu fenti ke kira idon kifi. Tamfol ɗin ma ya taimaka wa ɓarnar: laimar da ke tasowa daga ƙasa da dare a ƙarƙashinsa take taruwa ta zauna kan ƙarfe mai sanyi. A Yuli da Agustan Jos, ƙarfen da aka tuɓe da safe yakan fara canza launi kafin dare.

Sa'arka ɗaya, tsatsar kwana uku a fuska take. Ka kai motar ƙarƙashin rufi, ka sake bi da samfefa 80 ko 120 a bushe, ɓangare ɗaya a rana kamar yadda ya kamata tun farko. Ban da samfefar ruwa a kan tsiraicin ƙarfe. Inda ka ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun nutse, ka bi da buroshin waya a jikin injin huda har su yi fari. Waɗanda suka ƙi fita a sa musu maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, a bar shi a jiƙe minti 10 zuwa 15, a goge tun bai bushe ba, a busar, a sake karcewa da 180, domin wasu firaimomin ba sa kama ƙarfen da ragowar asid ke kai. Inda tsatsa ta huda kuwa babu wata dabara, a yanke a yi waldar sabon kwano. Filar da aka toshe huda da ita ruwa take sha ta baya.

Kafin firaima ka goge da maganin cire maiƙo na masu fenti, da tsumma biyu: ɗaya jiƙaƙƙe, ɗaya busasshe yana bin sa tun wurin bai bushe ba. Fetur ba ya wannan aiki, shi ma maiƙo yake bari. Daga nan kada ka sake taɓa ƙarfen da hannu tsirara, gumin yatsa yana fitowa da zanensa a tsatsa.

Ka kuma lura da irin firaimar. Ruwan tokar nan da aka saba, ta cike karce, ƙofofi gare ta, ruwa yana ratsa ta. Motoci nawa ake gani suna yawo wata da watanni da ita, tsatsa tana tsattsafowa ta ciki. Wadda ke toshe ƙarfe ita ce efoksi mai hadina. Hawa biyu, ka bar minti 10 zuwa 15 a tsakani, ƙaramar mota za ta ci lita 3 zuwa 4 bayan an haɗa. Awon haɗin ya bambanta, wani kamfani ɗaya da ɗaya, wani biyu da ɗaya, wani huɗu da ɗaya. A bi na gwangwanin da kofin awo, ba da ido ba. In za a sa fila, hadinarta giram 2 zuwa 3 ce a kowane giram 100, kuma kaurinta kada ya wuce milimita 3.

Ga masu shirin farawa, Nuwamba da Fabrairu sun fi dacewa a nan. A Disamba da Janairu babu laima, amma sanyin safiya kan sauka kusa da digiri 10, efoksi kuma a irin wannan sanyi kusan tsayawa take yi ba ta ƙanƙara. A jira sai ƙarfe goma sha ɗaya rana ta ɗumama kwanon, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙurar hunturu ta kwanta.

Tambaya: Corolla ce da ni ƙirar 2008. Saman rufi da bonet sun yi fari-fari suna saɓa kamar fatar maciji, amma ƙofofin suna sheƙi. Ƙanena ya ce a kankare ta duka har ƙarfe.
Wata malamar makaranta, Rikkos

Amsa: Hajiya, ki riƙe hannun ƙanen nan naki. Abin da ke saɓar kiliya ce, hawa na sama marar launi wanda ke ba da sheƙi. Rana ce ke kashe ta, shi ya sa take fara mutuwa a wuraren da ke fuskantar sama, kuma Jos da ke kan tudun sama da mita 1,200 ranarta ta fi cizo duk da sanyin garin. Abin da ke ƙarƙashi kuwa lafiyarsa ƙalau. Motocin wannan zamani ana tsoma gangar jikinsu gaba ɗaya cikin tafkin firaima da lantarki, a gasa a zafin da ya haura digiri 150, kuma yawancin kwanonsu an lulluɓe shi da tutiya don hana tsatsa. Babu gareji a Farin Gada ko Apo ta Abuja da zai iya mayar miki da waɗannan biyun in an gurje su. Garin gyaran gira ne za a rasa ido.

Rufi, bonet da watakila murfin but kawai za a taɓa. A gurza da DA da samfefa 180 ko 240 har matacciyar kiliyar da launin su tafi, da an ga tokar firaimar kamfani a tsaya. Bakin da ke tsakanin wurin da ya saɓe da mai lafiya a kwantar da shi har farce ya wuce bai ji tudu ba. Don ki tabbatar sauran ba su fara mutuwa ba, a tsaga ɗan tagar dara da reza a lungun da ba a gani, a manna salatef mai ƙarfi a fizge. In ya taho da kiliya, wannan ɓangaren ma ya shiga lissafi. Sai firaima 2K, wato mai hadina, hawa biyu, a goge da 400, in fentin mai ƙyalƙyali ne a ƙare da 600. Inda aka yi kuskure ƙarfe ya leƙo a ɗan taɓa masa efoksi. Wanda ya ce miki zai fesa sabuwar kiliya a kan mai saɓar ba tare da gurzawa ba, kuɗinki zai ci, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Tambaya: Gaskiya ne man birki ko sodar yin sabulu suna cire fenti? Ina so in gwada a bamba.
Ɗalibi daga Nasarawa Gwong

Amsa: Suna cirewa, amma kada ka gwada. Man birki yana laushi da fenti a hankali, ya bar naso da ke hana sabo kamawa. Soda tana ƙona fata, tana makantarwa, tana kuma narkar da alminiyam, alhali wasu motocin bonet ɗinsu na alminiyam ne. In maganaɗisu ya ƙi kama ko'ina a bonet, to shi ne. Irin wannan da samfefa 120 zuwa 180 ake bin sa, sabuwa wadda ba ta taɓa ƙarfe ba.

Bamba kuwa roba ce, ka leƙa bayanta yawanci za ka ga an buga PP, sunan irin robar. Rimuba tana kumbura ta, zafi yana lanƙwasa ta, samfefa 80 tana tayar mata da gashi. Ka bi da 180 ko 240, ka ƙare da 320, ka cire mataccen fentin kawai. Inda baƙar robar ta fito a fesa firaimar roba kafin komai, in ba haka ba ranar da aka wanke ta da ruwa mai ƙarfi fentin zai taho falle guda.

Tambaya: Maigidana yana gurza tsohuwar motarsa ja a tsakar gida kwana biyar ke nan. Ƙura ta cika ko'ina har kicin, ga yara ƙanana. Na yi magana ya ce ai yana shan madara kullum, ita ke wanke ƙirji.
Uwargida daga Gangare

Amsa: Uwargida, ke ce da gaskiya, kuma ki nuna wa Alhaji wannan shafi. Madara ciki take zuwa, ƙura kuwa huhu. Tsohuwar al'ada ce ta masu fenti, babu abin da take wankewa. Abin da ya fi damun mu launin motar ne. Tsofaffin fenti ja, rawaya da ruwan lemo da yawansu akwai dalma a ciki, wasu tsofaffin motocin ma da dalma aka cike mahaɗar rufinsu. Ba mu manta abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400, kuma silar ita ce niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar ta zauna a ƙasar da yara ke rarrafe. Ƙurar mota ɗaya ba ta kai wancan ba, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce: ƙasa, hannu, baki. Ƙananan yara da mai juna biyu su ta fi yi wa illa, kuma ba ta nuna alama da wuri.

Yallaɓai, ka fitar da motar daga tsakar gida zuwa fili nesa da rijiya, kicin da wurin shanya. Ka shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashinta. Ka sa takunkumi mai lamba N95 ko FFP2 aƙalla, mai P3 ya fi, wanda ya kama fuska sosai. Na ƙyallen da aka saba tun lokacin korona ba ya tare komai, gemu kuma yana buɗe gefen takunkumi, don haka mai gemu ya ƙara nisa da ƙurar ta hanyar jona DA ɗinsa da injin zuƙe ƙura. Kayan aikin a tuɓe su a waje, a wanke su daban da na yara, ka yi wanka kafin ka ɗauki ɗa ko ka sa hannu a kwano. Ban da cin goro ko shan shayi a bakin aiki.

Tsakar gidan da ta riga ta ɗauka kada a share ta da tsintsiya a bushe. A yayyafa ruwa, a kwashe da jiƙaƙƙen tsumma, in ƙasa ce a kankare samanta kamar yatsa ɗaya a zuba sabuwa. Kwanuka, tabarmi da kayan wasan yara a wanke da omo. Dattin fentin a tara a gwangwani mai murfi, kada a ƙone shi, kada a tura shi kwata, kada kuma a bar shi inda kaji da awaki ke kiwo. In wani cikin yaran ya fara ciwon ciki, kasala ko ƙin abinci, ki kai shi asibiti ki faɗa wa likita a fili cewa an gurza tsohon fentin mota a gidan, ki nemi a auna dalma a jininsa.